Fentin Gidan Kurudu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana tara ke nan ban leƙo ku ba. Na ga saƙonninku, har da masu tsokanar ko amarci ne ya ɓoye ni tun kafin a ɗaura. Ina ma shi ne. Yau dai bari in ba ku labarin yadda aka yi, ku yi mini uzuri in kun ga ina kwan-gaba kwan-baya.

Ga wadda yau ta fara cin karo da ni, sunana Mashkura, shekarata ashirin da shida, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare mai zaman kanta a Karu. A Nyanya muke zaune. Babana mutumin Katsina ne, atamfa da leshi yake sayarwa a kasuwar Utako, inda aka fi saninsa da Alhaji Ɗangoggo. Wanda zan aura kuwa Badaruddeen ne, ɗan Zariya, yana da shagon haɗa fenti a nan Utako ɗin. An kawo lefe akwati shida, an sa rana, saura sati biyar.

A makarantarmu muka haɗu, shekara biyu da suka wuce, da ya zo duba aikin fenti. Na ce masa ni dai a bar mini ajina da farin da yake da shi. Ya ɗaga kai ya kalli bangon sau ɗaya ya yi murmushi.

"Malama, ai wannan ba fari ba ne. An ɗiga masa ruwan ƙwai, da ɗan baƙi kamar kan allura."

Tun ranar ya laƙaba mini Malama. Haka Allah ya yi shi, ya kalli bango ya gaya miki abin da aka zuba a bokiti.

Gidan da za mu zauna ɗaki uku ne a Kurudu, shekara huɗu yana gininsa. Ciki an gama komai, tayil, silin, fitilu. Waje ne kawai ya rage, siminti tsirara. Da gangan ya bar shi. Ya ce waje shi ne fuskar gida, tare za mu zaɓa masa launi. Da can, in muka zauna a falon Baba, sai ya yi ta yi mini karatu har shayinsa ya huce: a fara duba kwanon rufi kafin a taɓa bango, namu ruwan ƙasa ne mai duhu, kada launi ya wuce uku, mai duhu yana shan zafi kuma ranar Abuja tana koɗar da shi, fari tas kuwa damina ɗaya jar ƙasa za ta yi masa zane daga ƙasa. Ni kuma in yi tagumi ina kallon bakinsa, rabin maganar ma ba na ji.

To da lokaci ya matso, sai na cika wayata da hotunan gidajen mutane. Ku da kuke Abuja kun san abin da aka yi a 'yan shekarun nan, duk rukunin gidajen da kika shiga toka da fari, toka da baƙi, kamar an yi wa garin anko. Yanzu kuma yayi ya fara juyawa. Masu kuɗin Guzape da Jahi sun koma ruwan madara da ruwan ƙasa mai haske, wasu kore mai sanyi, sai a liƙa allunan nan masu kama da katako a gefen ƙofa, a sa tayil mai kama da dutse daga ƙasa. Na tura masa hoto goma sha ɗaya a rana ɗaya.

"Ya Badar ka ga wannan? Madara, da bakin taga ruwan makuba. Ko koren ya fi?"

Sai bayan awa uku saƙon murya ya shigo, daƙiƙa shida.

"Ya yi kyau, Malama. Duk wanda ya kwanta miki."

Duk wanda ya kwanta mini! Mutumin da zai iya ɓata yini yana gardama a kan bambancin madara da hauren giwa. Kuma ba wannan kaɗai ba. Wata biyu ke nan ya daina yi mini rubutu, sai murya. Ya daina tuƙi, ya ɗauki direba, wai ya gaji da cunkoson Nyanya. In ya zo zance ba ya kallon fuskata, sai ya karkata kai yana duban gefen kafaɗata. Ke da kike karantawa, ki faɗa mini tsakaninki da Allah, me za ki kawo a ranki?

Ga Mama a gefe, ba ta bari in huta.

"Wai yaushe za a yi wa gidan nan fenti? Mata za su taso daga Katsina su zo jere, su tarar da gida kamar kango? Ga hadari ya fara haɗuwa, in ruwa ya sauka wa zai yi fenti a jiƙaƙƙen bango?"

"Mama za a yi."

"Za a yi, za a yi. Ki ce masa a yi toka irin na gidan 'yar Hajiya Indo, kowa ya gani ya san sabon gida ne."

Ranar Asabar muka yi za mu haɗu a Kurudu. Na sa doguwar rigar atamfa ja mai duhu, da mayafi ruwan gwal, na fesa turaren da ya saya mini. Na ce yau ko dutse ne sai ya kalle ni. Tun ran Alhamis na gaya masa launi huɗu da nake so a gwada a bango, na jero masa su: madara, ruwan ƙasa, toka, kore. Ya ba Meshach aikin. Meshach babban mai fentinsa ne, dattijo ɗan Pankshin mai furfura a gemu, tun buɗe shagon suke tare.

Na tarar an shafa su a bangon gaba, kowane kamar faɗin sallaya. Sai dai Meshach daga dama ya fara, saboda haka koren ne ya zo na farko ta hagu, madarar ta koma ƙarshe. Badar na tsaye cikin farar shadda, ya rame, wuyan rigar har ya yi masa yawa.

"To oga mai fenti, ga su nan. Wanne?"

Ya gyara tsayuwa, ya miƙa hannu ya nuna na farko ta hagu.

"Wannan madarar. Ita za ta fi tafiya da kwanon."

Na kalli koren. Na kalle shi. Fuskarsa ma ba bangon take duba ba, ta karkata can wajen tankin ruwa.

"Wannan ce madara?"

"E... ba ita kika ce ta farko ba?"

"Ya Badar, kore ne! Kore! Ko ɗaga ido ka kalli bangon ba za ka iya ba?"

Meshach ya sunkuyar da kai yana goge buroshin da babu komai a jikinsa. Badar ya ce a hankali, "Ki yi haƙuri, Malama. Rana ce ta kashe mini ido."

Wallahi da ya yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi. Na ce masa in ya fasa ne ya fito fili ya faɗa, ba sai ya riƙa wulaƙanta ni a gaban ma'aikatansa ba. Na ce gidan ma ya bar shi a simintinsa, ya fi dacewa da halinsa na yanzu. Na ja mayafina na fita, na tare mai babur, ina kuka har bakin titi.

Da yamma na zauna na rubuta masa saƙon da tsawonsa ya kai jarrabawa. Na ce in wata ce ya samu ya faɗa mini sunanta. Na ce ban taɓa roƙon namiji ba kuma ba zan fara a kansa ba. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan maimaita muku ba. Lahadi ta wuce bai buɗe ba. Sai Litinin ƙarfe takwas da rabi na safe na ga alamar an karanta. Amsa kuwa babu.

Muna hutun zango, don haka na shirya na nufi Utako. Niyyata in same shi a shago mu yi ta ta ƙare.

Ba ya nan. Anti Justina na tarar a bayan kanta, tana jera katunan launi. Ita ke riƙe da shagon shekara takwas, 'yar Kafanchan ce, ta kusa sa'ar Mama, kuma Hausarta irin wadda ba ta raba mace da namiji.

"Anti Mashkura, shigo. Ka zauna ka sha ruwa tukuna."

"Ba zama na zo yi ba. Ina yake?"

"Ya tafi site na Kurudu tun ƙarfe tara." Ta ajiye katunan, ta zagayo ta tura ƙofar gilashin ta rufe. "Oga ya sa na yi rantsuwa ba zan gaya maka ba. Amma message da ka turo ran Asabar, ni na karanta masa yau da safe. Ba zan iya kuma ba, Allah ya yafe mini."

Na juyo na dube ta.

"Ke kika karanta? Saƙona?"

"Tun watan Fabrairu ni nake karanta masa duka. Oga ba ya ganin rubutu."

Ban san lokacin da na zauna a kan bokitin fenti ba. Ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce a watan Disamba idon hagu ya fara, ya ce gajiya ce. A Janairu ya haɗa wa wani mai gida a Gwarinpa toka da hannunsa, aka shafa gida guda, ya fito da shuɗi-shuɗi kamar hannun mai rini, sai da aka sake aikin daga farko. Daga nan ya bar mata injin haɗawa, shi sai dai ya faɗi awo da ka. A Fabrairu na dama ya bi sahu.

Ni kuwa, ku gafarce ni, abin da ya fara zuwa kaina kunya ce. Duk saƙonnin da na rubuta ina kwance ina murmushi, waɗanda ko ƙawata ban yarda ta gani ba, ashe a bakin matar nan suke fita, a cikin shago, tsakanin bokitai.

Kamar ta san abin da nake tunani. "Wanda ya yi nauyi ina tsallakewa," ta ce. "Sai ya gane, ya ce in koma in karanta duka. Wani ma sau biyu."

"Na yau fa?"

"Da na kai wurin da ka ce ko akwai wata, ya yi dariya kaɗan. Sai ya sa hannu ya rufe fuska. Ban taɓa ganin oga haka ba."

Na shiga motar haya zuwa Kurudu. A gadar Nyanya muka tsaya cak, masu tallar ruwa da gyaɗa suna bubbuga gilashi, zufa na bin bayana. Na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba, to ga shi: a cikin motar nan ba tausayinsa kaɗai nake ji ba. Tsoro nake ji. Na ga kaina ina riƙe da hannun miji ina tsallaka shi titi. Na ga ƙawayena suna magana ƙasa-ƙasa a wurin biki. Na tambayi kaina wa zai kai ni asibiti ran da naƙuda ta tashi. Na yi istigfari, tunanin ya sake dawowa.

Na same shi zaune a kan kifaffen bokiti, a inuwar bango, Meshach na can baya yana kankare katanga. Na taka har gabansa, taku uku tsakaninmu, na tsaya. Ya ɗago, ya karkata kai.

"Malama." Ya ɗan ja numfashi. "Turarenki."

"Anti Justina ta gaya mini."

Can ya ce, "Dama na san ba za ta kai ƙarshen wata ba."

Na durƙusa a gabansa, rigata a cikin ƙura, ban damu ba.

"Yaya kake ganina yanzu?"

"Ina ganin gefen mayafinki. Ina ganin takalminki. Tsakiya, inda fuskarki take, kamar an shafa ɗanyen siminti."

"Shi ya sa kake karkata kai."

"Ta gefe nake satar ki."

Ya ba ni labari kamar na wani yake bayarwa. Ya ga likitan ido a nan, ya je Kaduna sau biyu. Sun ce jijiyar ido ce, ba abin da tabarau zai gyara ba ne, ba kuma na tiyata ba. Mai yiwuwa ya tsaya a haka, mai yiwuwa ya ƙaru, ba wanda ya yi masa alkawari. Ya tuna mini kawunsa na Zariya, wanda aka riƙo wa hannu ranar da aka kawo lefe. Ni na ɗauka tsufa ne. Ashe yana da shekara talatin da ɗaya abin ya same shi. Badar talatin da uku gare shi.

"Me ya sa ka ɓoye mini?"

"Kullum sai in ce gobe. Ina so in ƙara kwana ɗaya kina yi mini magana kamar da." Ya murza tafin hannunsa. "Amma saƙonki na Asabar ya nuna mini zaluntarki nake yi. Yau da safe na tura Baffa, ƙanen mahaifina, wurin Alhaji. Na ce a gaya masa gaskiya duka. In kun janye, ba wanda zai ga laifinku. Lefen ma na ce a bar miki."

"Ka tura Baffa? Ba tare da ka tambaye ni ba?"

"Da na tambaye ki, kunya za ta sa ki ce kin yarda. Gidan kuma na ce wa Meshach ya yi masa toka da fari. Shi masu saye suka fi so, ba zai daɗe ba."

'Yan uwa, ga abin da ya hana ni rubutu kwana tara. Da ya ce ba wanda zai ga laifinmu, wani abu a ƙirjina ya saki. Sauƙi na ji. Na ɗan lokaci ne, kamar ƙiftawar ido, amma na ji shi, kuma na san na ji. Ga mutum zaune a gabana ya rasa idonsa, sana'arsa na zamewa daga hannunsa, ya kwance ni da kansa don kada in wahala, ni kuma zuciyata ta ce alhamdulillahi. Ban taɓa tsanar kaina kamar lokacin ba.

Na miƙe na share fuskata da mayafi.

"Me kake iya rabewa?"

"Kamar yaya?"

"A launi. Me ya rage maka?"

Ya ɗan yi tunani. Mai sana'a ne, ko a wannan halin sai da ya ba da amsa dalla-dalla. "Masu hasken nan duk sun zama abu ɗaya. Ja ya mutu. Amma in fari da baƙi suna gefen juna ina rabewa. Matakalar ƙofar nan kuwa sau biyu tana kayar da ni, ita da ƙasa duk ɗaya nake ganinsu."

Na ɗaga murya na kira Meshach. Ya zagayo yana goge hannu a wando.

"Baba Meshach, ba za a yi toka ba. Bango madara mai haske sosai. Bakin ƙofa da bakin kowace taga baƙi, mai faɗi, kamar tafin hannu biyu. Get ma baƙi. Bakin matakala kuma a ja masa layi ruwan ƙwai, mai ƙarfi, wanda ake gani daga nesa."

Meshach ya sosa gemu. "Madam, ba a yayin wannan fa. Layin nan zai sa gida ya yi kama da gidan mai."

"Ya yi."

"Malama, za ki ɓata gida," in ji Badar. "Ba mai sayensa a haka."

"Ni na ce maka na sa shi a kasuwa?"

Akwai ƙaramin gwangwanin baƙin fenti a gefe, na wanda aka shafa wa ƙarafan taga. Na sa ƙusa na ɓalle murfin, na ɗauki buroshi, na fara jan layi a bakin ƙofar falo. Ban iya ba. Ya karkace, ya ɗiɗɗiga, ya gangaro mini har gwiwar hannu, ya ɓata hannun rigata. Ina ja ina kuka. Na kai tsayin kafaɗata na juyo.

"Kana ganinsa?"

Ya daɗe da kai a karkace. "Ina ganinsa. A karkace yake."

Na yi dariya cikin hawaye, na ɗauka shi ma zai yi. Bai yi ba.

"Mashkura." Rabon da ya kira sunana tun ranar da ya ce yana so na. "Kar ki yi mini haka. Yau tausayi kike ji. Ni shekara biyar nake tsoro, ran da za ki dube ni ki tuna an ba ki hanya kin ƙi bi. Kuma ba zan ga fuskarki ba balle in gane."

Na buɗe baki in ce ba tausayi ba ne. Na tuna abin da na ji ɗazu, maganar ta maƙale. Na ajiye buroshin a kan gwangwani na ce masa zan je gida.

Bayan la'asar na isa Nyanya. Tun daga kan layi na hango motar ɗaukar kayan shagon Baba a ƙofar gidanmu, injin na aiki, direba na zaune a ciki. Na shiga. Akwatunan lefena shida suna jere a tsakar gida, manya a ƙasa ƙanana a sama, an ɗaure kowanne da igiya. Mama na tsaye a kansu, ɗankwalinta ya zame, idanunta sun kumbura. Baba na zaune a farar kujerar roba a bakin falo, carbi a hannu, ko hula bai cire ba.

"Daga ina kike?" in ji Mama. Ta ga hannuna. "Wurinsa kika je ke nan. To kin ji da kunnenki."

"Mama ina za a kai kayan nan?"

"Inda suka fito. Sun ce mu riƙe, Allah ya saka musu, amma ba za mu ci kayan yaron da ke neman magani ba. Yaron kirki ne, ya yi abin da ya kamata. Mu ma mu yi namu."

"Ni ban ce na fasa ba."

"Ba ki ce kin fasa ba." Ta matso har ina jin hucinta. "Mashkura, ni na yi jinyar mahaifina shekara tara bayan ya makance. Ni nake kai shi banɗaki, ni nake sa masa loma a hannu. Ina son sa kamar raina, amma akwai ranakun da nake shiga bayan ɗaki in ciji zanena don kada a ji ihuna. Wannan ubana ne, ban zaɓa ba. Ke kuma da ƙafarki, da ƙuruciyarki, za ki taka ki shiga? Ban haife ki don haka ba."

Ban taɓa jin wannan labarin daga bakinta ba. Kuma ba ƙarya take yi ba, shi ne abin da ya fi ciwo. Da mugunta ce ta sa ta, da na san yadda zan yi da ita.

"Mama, ina jin tsoro," na ce. "Wallahi ina jin tsoro. Ban san ko zan iya ba."

"To alhamdulillahi, kin faɗa da bakinki. Alhaji, ka ce a zo a kwashe, kafin magariba su kama hanya."

Baba bai motsa ba. Ni kuma ƙafafuna suka ɗauke ni, ban shawarce su ba. Na sauke ƙananan akwatunan biyu, na zauna a kan babban, na dafa shi da hannuna mai fenti har baƙin ya fito a jikin fatar, yatsu biyar.

"Ban san ko zan iya ba," na sake cewa. "Amma kowa ya yanke nasa yau. Shi ya yanke, ke kin yanke. Ni ba wanda ya tambaye ni. Duk wanda zai fitar da akwatin nan sai dai ya ɗauka da ni a kai."

"Kin ga 'yarka ko? Alhaji, kana jin ta?"

Injin motar na ta ƙara a waje. Baba ya ja carbi ɗaya, biyu. Ya kalli Mama, ya daɗe yana kallonta, ita kuma ta juya masa baya tana share ido da haɓar zane. Sannan ya kalle ni. A rayuwata ban taɓa ganin tsufa a fuskarsa ba sai ranar.

"Kwana uku," ya ce. "Ba za ki kira shi ba, ba za ki je Kurudu ba. Ki yi istihara. Ran Alhamis bayan azahar ki same ni ke kaɗai, ki gaya mini abin da za ki iya, ba abin da kike jin kunyar fasawa ba. Abin da kika faɗa, ba mai sake ɗaga shi a gidan nan. Ko ke, ko uwarki."

Mama ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Baba ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar, ya taka zuwa bakin get, ya leƙa waje.

"Kai, Malam," na ji ya ce wa direban. "Kashe motar nan. Amma kar ka kwance igiyoyin."

Abin da na gaya masa ran Alhamis kuwa, sai a rubutu na gaba.